Tokar Tsohon Dek

Ni na ba Issoufou katakon da ya gasa ragunan layya da shi, kuma katakon nan da guba a cikinsa. Babu wanda ya sa ni. Ni na loda shi a motata, ni na sauke masa a bayan gida.

Sunana Mukhtari, mutumin Kano, kafinta. Shekarata goma sha tara a New York. Aji uku na yi a boko na gudu, amma in ka ba ni tef da zarto ba na buƙatar kowa ya karanta mini komai. Aikina dek, wato dandamalin katakon nan da masu gida suke so a bayan gidansu don su zauna su sha iska. Garin nan ruwa ne ta ko'ina. Lokacin zafi iskar ma jiƙe take, lokacin sanyi ƙanƙara ta kwanta a kan komai. Katakon da ba a ɗura wa magani ba, shekara kaɗan ya ruɓe. Shi ya sa muke aiki da wanda aka ɗura wa magani tun daga masana'anta, mai ɗan kore-kore, mai nauyi kamar an tsamo shi daga rijiya.

Saura sati biyu Babbar Sallah muka rushe wani tsohon dek a Staten Island, ni da abokin aikina Kwasi, mutumin Kumasi. Mai gidan ta ce ya fi shekara talatin. Samansa ya yi furfura, ƙasansa ya yi baƙi, ƙusoshin duk sun yi tsatsa. Amma ginshiƙan suna nan garau. Kwasi ya tashi da wuri ranar saboda ciwon haƙori, na ce masa ni zan kai tarkacen bola.

Ban kai ba. Ba na iya ganin itace mai kyau ya tafi bola.

Kuma ba zan ce ba a taɓa gaya mini ba. Wani mai sayar da katako ya taɓa ce mini irin wannan ba a ƙona shi. Na ɗauka maganar ƙasar nan ce, inda ko kofin shayi sai an rubuta a jikinsa yana da zafi. Na ce a raina, shekara talatin ruwan sama yana dukansa, wane magani ne ya rage?

Issoufou ɗan Damagaram ne, yana da shago kusa da Park Hill da ɗan gida mai fili a baya. Duk shekara a wurinsa muke gashi irin na Nijar: a buɗe rago, a soke shi da sanduna biyu a gicciye, a jingina shi gefen wuta tun azahar. Wutar a cikin rabin durom yake hura ta. Duk shekara kukansa ɗaya, gawayin leda ba ya ba da wuta irin ta itace.

Da ya ga lodin ya riƙe baki.

"Bakano ya yi kyauta. Yau akwai ruwan sama."

"Sauke dai, bawana. In ka ƙara magana na mayar da abina."

Raguna huɗu muka jingina ranar Sallah, har da nawa. Wutar ta kama da kyau, harshenta wani kore-kore. Muka tsaya muna kallo muna cewa masha Allah. Hayaƙin yana da ɗaci, muka ce ai tsohon itace ne. Washegari da safe aka yanyanka, aka ƙulla a leda, aka raba gida ashirin da uku, daga Park Hill har Bronx.

Wajen sha biyu na kai wa Kwasi nasa a wurin aiki. Shi Kirista ne, amma a zango, unguwar Hausawan garinsu, ya tashi, naman Sallah ba ya wuce shi. Yana kwance ledar ina ba shi labarin wutar.

"Kore fa, Kwasi. Ban taɓa ganin irinta ba."

Hannunsa ya tsaya.

"Massa, abokina, wane itace kuka ƙona?"

Ya juyo ya kalle ni.

"Mukhtari. Tsohon dek ɗin nan, ina ka kai shi?"

Na gaya masa. Ya ɗaure ledar, ya ajiye ta can gefe a ƙasa, ya goge hannunsa a wando. Ya ce katakon wancan zamanin da asanik ake ɗura masa, gubar da ake kashe ɓera da ita. An daina sa shi a na gidaje, amma wanda ke cikin tsohon katako yana nan, ruwa ba ya wanke shi duka. In aka ƙona, wani ya bi hayaƙi, sauran ya zauna a toka.

"Ni ma na ci jiya," na ce. "Ga ni tsaye."

"Kai ƙato ne. Gida nawa?"

"Ashirin da uku."

"Da yara?"

Na ce har da yara. Ya kira lambar masu ba da shawara kan guba, ya yi magana da wata mata da Turancin da ya fi nawa. Ta ce kar kowa ya ƙara cin naman. Duk wanda ya ji amai ko murɗar ciki ya tafi asibiti. Kuma kar a taɓa tokar, ta fi komai haɗari.

Na kira Issoufou.

"Ka rufe durom ɗin nan yanzu, ka ɗora dutse. Sannan naman nan a dawo da shi."

"A dawo da me?"

"Naman. Duka."

"Mukhtari, kana cikin hankalinka? In je ƙofar mutum in ce ba ni naman Sallar da na ba ka? Da wane ido?"

"Da naka. Ko ka je da shi yau, ko ka je da shi ta'aziyya."

Ya ce, "Dakor, na yarda. Na ɗora murfi. Amma kai za ka faɗa, ba ni ba."

Na faɗa. Muna da zaure a waya da kusan duk mutanen suke ciki. Na danna na yi magana da bakina: ni ne Mukhtari kafinta, itacen da aka yi gashi da shi ni na kawo, akwai guba a ciki, kar wanda ya ci naman, muna zuwa karɓa. Sau uku na ce nama. Na sake sauraron saƙon daga baya ya fi sau ɗari. Babu kalmar toka a ciki ko sau ɗaya. Ai an rufe durom. Wa zai je ya taɓa toka?

Issoufou ya ɗauki Park Hill, ni na haye gada na nufi Bronx. Ranar zafi ne mai ɗanko, rigata ta manne a bayana. Kowace danja sai in ga kamar da gangan take tsayar da ni. Ina ta lissafa gidajen da ke da ƙananan yara, da gidan Safiatou, ƙanwar Issoufou, mai cikin wata bakwai a Grand Concourse. Wayarta ba ta shiga. Can na fara zuwa. Lif ya lalace, na hau hawa shida da ƙafa. Ta buɗe ƙofa da barci a idonta.

"Yaya Mukhtari, lafiya?"

"Kin ci naman?"

"Warinsa ma ba na so. Yana firij."

Na zauna a kan matakala sai da numfashina ya dawo.

A Tremont wani dattijo ya miƙo mini ledar ba tare da ya kalle ni ba. Wata mata ta ce ta riga ta soya, ta juye mini shi da zafinsa daga kasko. Wani ya ce, "Kafinta, badi sai ka kawo mana tayar mota mu gasa da ita." Ya fi ni gaskiya. Gida biyar sun ci. Na ba kowa lambar matar nan, na ce ko ciki ya yi ƙugi su tafi asibiti.

La'asar sakaliya na dawo gidan Issoufou da baƙaƙen ledoji a bayan mota. Ya riga ni dawowa. Muka ƙirga, ashirin da uku cif. A karon farko tun rana na ji yunwa.

"Saura tokar," na ce.

Na sa safar hannu, na ɗaure hanci, na ɗauke dutsen na ɗaga murfin. Durom ɗin fes yake kamar an lashe.

"Ina tokar?"

"Wace toka?"

"Da ka rufe, akwai toka a ciki?"

"Ka ce in rufe, na rufe. Ban leƙa ba."

Iyatu, matar Issoufou, kitso take yi. Tana da kujera a wani shago, mata suna zuwa wajenta har daga Brooklyn. Muka same ta a kicin tana zaune a ƙasa, ta jingina da firij, fuskarta duk gumi.

"Maman Shamima, ina tokar da ke cikin durom?" na ce.

"Na kwashe tun asuba." Tana magana a hankali. "Shekara nawa rabona da tokar itace. A nan komai gas. Na tace ta."

Ta nuna da haɓa. A gefen famfo ga rariya da tsumma a ciki, ga kwalbar mayonis cike da ruwa mai ruwan ƙasa. Ruwan toka, irin wanda uwata take zuba wa miya in babu kanwa. Na ga uwata tana yin haka ya fi sau dubu. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

"Kin sa a abinci?"

"Da na ji saƙonka na kwashe naman na ba Malam. To me za a ci? Na yi tuwo da miyar kuka." Ta haɗiye yawu da ƙyar. "Na ɗanɗana ruwan in ji ƙarfinsa. Na ci malmala ɗaya. Naku yana cikin kula."

"Yaran fa?" in ji Issoufou. Muryarsa ta canza.

"Ka san su da tuwo. Fiza suka saya."

Sannan ta juya ta yi amai a kan tayil.

Ni na kira motar asibiti. Ni na ɗauki kwalbar na bi su da ita, na miƙa wa likita, na gaya masa abin da ke ciki da wanda ya kawo shi. Issoufou yana tsaye kusa da ni.

Kwana ashirin da ɗaya ta yi a asibiti. Sauran da suka ci naman an gwada su, an sallame su. Ni da na tsaya cikin hayaƙin ciwon kai kawai na yi na kwana biyu. Aka kankare ƙasar bayan gidan Issoufou aka kwashe, har da yakuwar da Iyatu ta shuka.

Tun tana asibiti tafin hannunta da na ƙafarta suka fara zafi, daga baya suka mutu mata. Likita ya ce jijiyoyi ne, wataƙila su dawo, wataƙila ba duka ba. Bara ke nan.

Ina zuwa duk Juma'a. Na yi mata ƙarfen riƙewa a banɗaki da matakala mai faɗi a ƙofar gida. Issoufou yana amsa sallamata, amma ya daina ce mini Bakano. Ita kuwa tana tambayata 'yata Nadia da mamanta, tana sa a kawo mini ruwa.

Juma'ar da ta wuce na tarar da ita a falo, 'yarta Shamima tana zaune a ƙasa tsakanin ƙafafunta, an tsefe mata kai. Iyatu ta tsaga gashin da kibiya, ta kama silli uku. Suka zame. Ta sake kamawa, suka sake zamewa. Ta ɗaga yatsunta tana kallonsu.

"Tashi," ta ce wa yarinyar. "Ɗauko ɗankwali. Gobe a kai ki shago."

Kujerarta ta shagon kuwa, wata ce a kai yanzu.