Jan Ƙyalle a Jikin Reshe

A dajin bayan gidansu akwai 'yan bishiyoyi iri biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara. Ganyensu ɗaya, 'ya'yansu baƙaƙe ƙanana. Ɗaya zaƙi kamar zuma, ɗaya kuwa akuya ma ta ci ba ta kai yamma. Fure kaɗai ke raba su: na ci fari, na dafi rawaya. To, kafin 'ya'yan su nuna furen ya zube. Shi ya sa duk shekara Inna ke bin daji lokacin fure, tana ɗaura jan ƙyalle a reshen kowace mai farin fure.

Ran nan da sassafe ta bi ƙyallayenta ta ciko kwando, har tana murna bana sun yi yawa. Ta cika wa Auta, 'yarta, kwano guda yarinyar ta tafi da shi makaranta.

Tana tsince ragowar a tsakar gida sai ga maigidanta, mai kiwon zuma, mutumin da bai taɓa tambaya kafin ya taɓa kayan mutane ba.

"Af, na manta," in ji shi. "Tsohon jan zanen nan naki na ƙarasa yage shi. Na ɗaɗɗaura a hanyar amyoyina, kada in ɓata."

"A jikin me ka ɗaura?"

"Duk reshen da hannuna ya kai mana."

Inna ta miƙe zumbur. Ta dubi kwandon, duk baƙaƙe, babu mai ce mata ga ni. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta nufi makarantar tana gudu tana salati.

Ta tarar an fito hutun tara. Ta finciko Auta daga bakin aji, ta buɗe mata baki da ƙarfi. Harshe fes, babu alamar baƙi.

"Kin ci? Faɗa mini gaskiya!"

"Ban ci ba, Inna. Haƙorina ke ciwo."

Inna ta durƙusa tana hamdala, hawaye na zuba.

"Ina kwanon?"

"Na raba wa 'yan ajinmu."

Inna ta ɗaga kai. Yara sun kewaye ta, leɓɓansu baƙi ƙirin, suna ta murmushi.

"Mun gode, Inna," in ji wata 'yar mitsitsiya tana lasar yatsa. "Gobe ma ki kawo mana."