Ko Ɗigon Ruwa

Sista ta riƙe hannun matar daidai lokacin da kofin shayin ya kusa taɓa leɓen tsohon.

"Ajiye don Allah. Ba a ba shi komai ta baki tukuna."

Matar, wadda ita ce babbar 'yar tsohon, ta fizge hannunta har shayin ya fallatsa wa farar rigar Sista. "Ubanki ne ko nawa? Tun jiya ko ruwa bai shiga cikinsa ba, kuna ta kai da kawo kamar masu abin kirki!"

Jiya aka kawo shi da shanyewar ɓarin jiki, baki a karkace, magana ta ɗauke. Da safe Sista ta tayar da shi zaune, ta gwada shi da ruwa a ɗan cokali. Nan take ya ƙware, idanunsa suka kaɗa, numfashinsa ya koma kamar na mai kurkurar baki. Sai ta yanke cewa ko ɗigo ba za a ƙara ba har likita ya fito daga tiyata.

"Hajiya, maƙogwaronsa bai iya haɗiya yanzu. Abin da kika zuba masa huhu zai wuce. Ga ƙarin ruwa nan yana shiga ta jijiya."

"Ruwan leda ne abinci? Haka kuke kashe mutane, ku ce kwana ne ya ƙare."

Ƙanen matar, da ke jingine da taga, ya zaro waya ya saita fuskar Sista. "Maimaita, Malama. Duniya ta ga mai hana mara lafiya abinci."

Masu jinya a sauran gadajen suka yi tsit, kowa ya baza kunne. Wata daga can ƙurya ta ce, "Ai halinsu ne." Sauran gadaje na jiran Sista, ƙafafunta sun yi nauyi. Da ta juya baya shi ke nan, a ba shi shayin, gobe zazzaɓi ya rufe shi, ba mai cewa laifinta ne. Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta ɗauke filas ɗin shayin daga kan durowa ta maƙale a hammata.

"Ɗauka da kyau," ta ce wa mai wayar. "Ka haɗa da sunana, ga shi a ƙirjina."

Ta ƙara ɗaga kan gadon, ta jiƙa auduga ta matse, ta shiga goge wa tsohon busassun leɓɓansa da dasashi. Shi kuwa idonsa na kan filas ɗin. Can ya ɗago ya zuba mata harara, leɓensa na rawa, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Mu... guwa."

"Baba ya yi magana!" 'Yar ta dafe ƙirji, ta fashe da kuka. Ƙanen ya sauke wayar bai sani ba.

Sista ta sunkuya, ta kai kunnenta dab da bakinsa. "Sake faɗa, Baba."

Ya sake, har da ƙarfi. Kalmar ta fito sarai, amma muryar na nan da ƙarar ruwa a ƙarƙashinta, alamar haɗiya ba ta dawo ba. Sista ta gyara masa matashi, ta ƙara matse filas ɗin a hammata, ta wuce gado na gaba.