Inuwar Esta

Bayan wata masana'antar robobi a Challawa akwai ɗan kurmi da ya girmi unguwar kanta: tsamiya, ɗorawa, maɗaci, da wata kuka da ƙarti uku ba sa iya rungume ta. Ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi-sanyi, warin majema ma da ƙyar yake isowa. A gindin tsamiyar Esta take sayar da shinkafa da wake tun tana goyon Daniel, wanda yanzu har gemu gare shi. Ba ta da shago, inuwar nan ce shagonta. Saboda ita ma'aikata suke wuce masu abincin bakin titi su zo su ci, su ɗan miƙe baya kafin a koma aiki.

Sai manajan masana'antar, Alhaji Falalu, ya dawo daga wani taro da zazzaɓin kare muhalli. Wai za a yi bikin dashen itatuwa, manyan baƙi za su zo. To ina za a kafa rumfuna, ina za a ajiye motoci? Bawan Allah ya duba gabas ya duba yamma, bai ga fili ba sai kurmin.

Esta ta tare shi da ludayi a hannu. "Alhaji, ku dubi girman Allah. Za ku sare itace don ku dasa itace?"

"Waɗannan ai sun tsufa, Maman Daniel. Sababbi za mu sa, na zamani."

Tana ji tana gani injin yanka ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, kukar ce ma ta ɗan ba masu yankan wuya. Ranar biki aka jera 'ya'yan darbejiya a leda, babban baƙo ya tsiyaya musu ruwan gora, aka yi tafi, aka sha hotuna, kowa ya kama gabansa.

Washegari Esta ta ajiye tukunyarta a rana. Ma'aikata suka leƙo, suka ga fili fayau, suka juya bakin titi. Can sai ga Alhaji Falalu yana sharce gumi, ya rasa inuwar da zai ajiye motarsa. Ya nuna mata wani ɗan tsiro da akuya ta riga ta ɗanɗana.

"Ki yi haƙuri, nan da shekara ashirin sai kin gaji da inuwa."

Esta ta buɗe masa tukunyar, cike maƙil, ko ludayi ɗaya ba a ɗiba ba.

"Alhaji, shinkafar nan fa ta yau ce."