Gishiri a Cikin Sinyar

Surukina Latir mai kantin magani ne a Dakar. Ya yi kwas ɗin tuƙi na wata uku, ya sayi farar hula, shi ke nan wai ya zama ɗan teku. So yake ya sayi jirgin ruwa mai ƙyalle, ya kwashi 'yata Yande da jikokina biyu zuwa Mindelo, wani gari a tsibiri can tsakiyar teku, kwana huɗu ba a ganin ƙasa. Ni kuwa da na shekara talatin da huɗu ina gyaran irin waɗannan jirage a gaɓar Hann, an kira ni ne kawai in sa albarka, don ya riga ya zaɓa a ransa.

Jirage biyu Masamba dillali ya ajiye masa. Na ce mu fara da wanda ba ya so.

Sunansa Yaboy, mita goma, fenti duk ya kware. Ana buɗe ƙofar ɗaki wari ya mare mu. Wani tsohon Bature ne ya bar shi damina biyu da buhun shinkafa a ciki. Shinkafar ta zama baƙin kunu, kyankyasai kuwa ko gudu ba su yi ba da suka gan mu. Latir ya toshe hanci da farar hularsa.

"Baba, don Allah mu tafi. Ko akuya ba zan sa a nan ba."

Ban kula shi ba. Na durƙusa na ɗaga katakon daɓe. Ruwa ne kwance a ramin ƙasa, baƙi, da maiƙo a sama. Na tsoma yatsa na kai baki.

"Innalillahi! Baba!" in ji Yande. Latir ya ruga waje yana kakarin amai.

Haka muke yi tun kafin a haife su. Kowane jirgi da ruwa a ƙasansa, harshe ne ke gaya maka daga ina ya zo. Wannan ɗin da ɗanɗanon gas da ruɓaɓɓiyar shinkafa, amma babu gishiri ko kaɗan. Ruwan sama ne ya bi ta taga. Na ƙwanƙwasa ƙusoshin da ke riƙe da ƙarfen gindi, wanda ke hana jirgi kifewa, suka amsa garau.

"Ƙazami ne, amma lafiyarsa ƙalau," na ce. "Sabulu kawai yake nema."

Masamba ya yi dariya. "Pa Jegan, kurkure bakinka tukuna, gidan amarya za mu shiga."

Tun muna cikin kwalekwalen da zai kai mu na ji ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga Sinyar, jirgi na biyun, raina ya ɓaci. Ban taɓa ganin wanda ya turara jirgi haka siddan ba. Mita goma sha ɗaya, fari tas, ɗaki biyu, firji, ƙyalle sabo fil. Latir yana shiga ya baje a kujera.

"Baba, taɓa ka ji. Fata ce fa!"

"Kujera za ka tuƙa zuwa Mindelo?"

An shimfiɗa kafet a daɓen, har da manne gefensa. Na fara ɓamɓarewa. Masamba ya ce haba dattijo, sabo ne, kada in lalata wa mutane kaya. Na ce in na lalata ya kai ni ƙara. Ramin ƙasa an goge shi ƙal, sai ɗan ruwa garai-garai a lungu, bai fi cikin cokali uku ba. Na ɗanɗana. Gishiri ne zalla.

"Teku na shiga jirgin nan," na ce.

"Kai, Pa Jegan! Da ruwan teku aka wanke shi jiya."

"Ka ji ko, Baba?" in ji Latir. "Tun a gida na san ba za ka so shi ba. Kai in abu bai yi wari ba, ba ka yarda da shi."

Haushi ya sa na ɗaga katako na biyu, na haska tocila wajen ƙusoshin. A nan na ga layi uku an ja su da ƙusa a kan faibar jikin jirgin, gajere a tsakiya. Na shafa su da yatsa. Ni nake jan wannan layin a kan duk aikin da na gama, tun gam bai bushe ba.

Shekara takwas da suka wuce sunan jirgin nan Albertine, shuɗi ne a lokacin. Mai shi ya daki dutse a gaɓar Almadi, gindin ya tsage kewaye da ƙusoshi. Gyaran gaskiya wata biyu ne. Mutumin ya ce sayarwa zai yi, in rufe masa kawai. Na rufe, na shafe, na yi fenti, har na ja layina don sabo. Na ce wa kaina wani Bature ne zai saya, can su ƙarata.

Ina durƙushe ina jin Latir yana tambayar Masamba yaushe za a sa hannu a takarda. Yande kuma tana auna ɗan gadon gaba da tafin hannu, tana cewa yaran za su kwana a nan daidai. Ƙyamar da na ji a Yaboy wasa ce a kan wadda na ji a lokacin, kuma ba Masamba nake ƙyama ba.

"Yande, zo ki duba nan."

Ta leƙo. Ta san layin, tun tana ƙarama take ganinsa a kan kwalekwalenmu. Na gaya musu komai, ban rage ba. Na ce ranar da igiyar ruwa ta yi masa dukan kirki, ƙarfen gindin zai tafi, jirgin ya kife kafin a ɗauko yara daga gadon nan.

Masamba ya fita wai ana kiransa a waya. Latir ya cire hularsa ya rasa inda zai ajiye ta.

"Shekara takwas ɗin nan, wa ke tuƙa shi?" Yande ta tambaye ni.

"Wani malamin makaranta, daga Sen Luwi."

"Shi kaɗai?"

"Da iyalinsa."

"Kana ganinsu suna fita?"

Ina ganinsu. Har hannu nake ɗaga musu.

Ta juya wajen mijinta.

"Yaboy za mu saya. Ni zan wanke shi da hannuna." Ta ɗauki jakarta. "Amma ka nemo wani ya sake duba shi, Latir. Ba Baba ba."

A kwalekwale ta zauna can gaba, ta ba ni baya har muka kai gaɓa.