Ankon Salatef

Hajiya Rukaya ba ta taɓa son gogen nan ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ranar da Sumaya, tana 'yar firamare a unguwarsu Tompkinsville da ke Staten Island, ta dawo gida goye da baƙin akwati, uwar ta buɗe, ta leƙa, ta ce, "Goge ne." Yarinya ta amsa da Turanci cewa sunansa bayolin. Rukaya ta ce ko me Bature ya raɗa masa, ita ta san danginsa tun a Kumasi, kuma ba ta ƙetaro teku tana ɗawainiyar tsofaffin mutane ba don 'yarta ta zama mai goge. Da malaman makaranta suka dame ta da roƙo sai ta haƙura, amma da sharaɗi: "Ranar da abin nan ya ji miki ciwo, ranar kin gama da shi." Rukaya kuwa in ta yanke magana, ko ita kanta ba ta isa ta janye ba.

To, ga shi Sumaya ta girma, tana kwaleji, an kira ta gwajin shiga wata ƙungiyar makaɗa a Manhattan, sai ciwo ya ce ga ni. Daga wuya ya gangaro kafaɗa, daga kafaɗa ya sauka hannu, har ɗaga kofin shayi ya zama aiki. Tsoro ya kama ta, ba tsoron ciwon ba, tsoron uwarta.

Ƙawarta Rafia, wadda ke aiki a wani asibitin gashin ƙashi a Port Richmond, ita ta haɗa ta da Alisabatu, wata 'yar Jos mai duba masu ciwon gaɓoɓi. Alisabatu ta sa ta riƙe gogen, ta zagaya ta tana girgiza kai, ta ce ta maƙale shi da haɓa kamar wani zai ƙwace. Sannan ta ɗauko wani filasta shuɗi mai talewa, ta liƙa mata daga wuya zuwa kafaɗa, wani daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

"Wannan zai ɗan sassauta miki," in ji ta. "Amma ba shi ne maganin ba. Sai kin rage kiɗan, kin gyara riƙo."

Sumaya ta ji rabin farko, ta bar rabi na biyu a asibitin.

Riga mai dogon hannu da mayafi sun rufa mata asiri na 'yan kwanaki. Wankin shinkafa ne ya tona ta. Ta naɗe hannun riga ta manta, sai ga Rukaya a bakin ƙofar kicin.

"Ke, meye wannan salatef a hannunki?"

Allah Ya sani, Sumaya ba maƙaryaciya ba ce, shi ya sa ƙaryar ta fito ba fasali. Ta ce, "Ado ne, Ma. Shi ake yayi yanzu a Manhattan."

Rukaya ta kama hannun, ta juya shi, ta shafa. Sumaya ta cije leɓe, ta yi murmushi. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, uwarta ce shugabar anko a bikin Rafia da ke tafe, kuma leshin da aka fitar shuɗi ne. Akwai kuma tsohuwar ƙullalliya: matan unguwar Soundview sun sha zuwa biki da sabon abu su bar su Rukaya, matan Staten Island, suna kallo. Idon Rukaya ya yi wani haske wanda Sumaya ta sani, kuma ba ta so.

"A ina ake saida shi?"

Ranar Lahadi da la'asar, Sumaya ta shiga zauren biki da akwatinta, don amarya ta roƙe ta ta kaɗa waƙa ɗaya. A bakin ƙofa ta tsaya cak. Mata cike da zaure, kowacce da shuɗin filasta. Wata ta yanka nata fure-fure ta jera a damtse. Wata ta zagaye duka hannu biyu kamar awarwaro. Anti Afua, aminiyar Rukaya, ta ɗora nata a wuya ta ja shi da ƙarfi, har sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya in za ta gaisa da mutum. A gefe ana ta musu ko alwala tana yiwuwa a kansa. Matan Soundview kuwa sun yi tsuru-tsuru, ɗaya ta jawo Rukaya gefe tana tambaya ko akwai ragowa. Rukaya ta ce sai dai wani bikin, da muryar wadda aka biya wa buƙata.

Sumaya ta fara tunanin ko za ta sha. Sai ta hango Alisabatu ta shigo da kyautar amarya a hannu.

Baiwar Allah ta yi taku biyu ta tsaya. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Ta matsa wurin Rukaya, wadda ta fi kowa yawan liƙi, ta rusuna ta gaishe ta, ta ce a hankali, "Mama, sannunku. Hatsari kuka yi a hanya?"

"Wane irin hatsari? Ado ne, 'yata. Na Manhattan."

"Ado?" Alisabatu ta danne dariya da ƙyar. "Mama, wannan ai na masu ciwo ne. Shi muke liƙa wa wanda jijiya ko tsoka ta dama."

Anti Afua ta juyo da duk jikinta ta ce ita dai tun da ta sa ta ji wuyanta ya miƙe. Ba wanda ya kula ta. Rukaya ta juya. Ta bi matan da kallo, masu fure da masu awarwaro, har idonta ya sauka kan hannun Sumaya, wanda filastansa ba shi da kwalliya ko kaɗan, ya bi tsoka sak daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Alisabatu ta ga Sumaya, ta gane ɓarnar da ta yi, ta shiga duban silin.

Rukaya ta ja 'yarta zuwa bayan teburin abinci. Sumaya ta rungume akwatin a ƙirji, ƙwalla ta cika mata ido. Shi ke nan, gwaji ya tafi, goge ya tafi.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima, Ma."

"Ranar da na kama hannun nan na murɗa, da zafi?"

Sumaya ta gyaɗa kai.

"Kuma kika yi min murmushi."

Rukaya ta zauna a kan wata kujerar roba, ta fara ɓare filastan hannunta, tana fizgo gashi, ba ta ko yamutsa fuska ba. Kunyar matan Soundview ba ta dame ta ba a lokacin. Abin da ya soke ta daban ne, kuma ta faɗe shi.

"Na ce ranar da ya ji miki ciwo kin gama da shi, don kada ki ji ciwo. Ashe abin da na koya miki shi ne ki ji ciwo ki ɓoye min."

Ta miƙa hannu. Sumaya ta daɗe kafin ta saki akwatin. Rukaya ta ɗora shi a cinya, ta dafe.

"Yau ba kiɗa, amarya ta yi haƙuri. Gobe tare za mu je wurin 'yar Jos ɗin nan, duk abin da ta ce shi za a yi, ina tsaye a kanki. Ranar gwajin kuma ni zan ɗauka miki shi har ƙofa." Ta share ido da bakin gyale. "Amma ko sun ɗauke ki, goge ne."