Hanyar Tsakuwa a Gidan Yaya

Tun ranar da Yaya ta zame a kan tayil ɗin tsakar gida ta fasa goshi, ɗanta Lauya ya yanke hukunci: za ta koma gidansa, bene hawa na uku, inda akwai mai aiki da kujera mai taushi. Idonta ya riga ya tafi, sai dishi-dishi take gani. Ita kuwa ta ce gidan da ta shekara arba'in tana sharewa ba za ta bar shi tana numfashi ba. Aka kai ruwa rana, har Lauya ya kafa sharaɗi irin na mutanen kotu. In ta iya tashi daga ƙofar ɗaki ta je famfo, ta wuce har ƙofar gida, ba mai riƙe ta, ba mai ce mata dama ko hagu, to ta zauna.

Sai ta aika a kira ƙanenta magini, wanda har gobe take ce wa Auta, ko da yake furfura ta cinye masa gemu.

Auta ya zo. Ya auna tsakar gidan da taku, ya ɓamɓare tayil faɗin kamu biyu daga ƙofar ɗaki zuwa famfo har ƙofar gida, ya zuba kankare. Daɓen tsakuwa shi ne abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ana watsa tsakuwa a kan ɗanyen kankare, a danna ta ta nutse, a jira ya fara kamawa, sannan a wanke fuskar da ruwa da buroshi har kawunan duwatsun su fito. Mutane don ado suke sa shi a farfajiya, baƙo ya gani ya yaba. Wannan karon ba don ido ya yi ba. Ya jera ƙanana masu laushin taku a tsakiya, manya masu tudu a gefe biyu, daidai famfo kuma layi uku a gicciye.

Duk wuyar aikin a lokacin wanki take. Ka yi gaggawa, tsakuwa ta bi ruwa. Ka yi nawa, siminti ya rufe ta ke nan. Da babban yatsa ake ganewa, Auta kuwa siminti ya daɗe da kashe masa nasa, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya danna, ya sake dannawa, bai ji komai ba.

"Auta, me kake ta dangwala kamar kaza?" in ji Yaya daga bakin ɗaki. "Kawo ni."

Ya kai hannunta kan kankaren. Ta taɓa, ta ce da saura. Suka zauna jira. Can ta sake taɓawa.

"Yanzu ya daina bin yatsa."

Ya jawo tiyo. Ruwan toka-toka ya gangara, duwatsu suka fito ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai tsinke ba.

Bayan mako guda Lauya ya zo ganin gwaji, da leda a hannu. Takalmi ne sabo, mai kaurin ƙasa kamar tayar mota.

"Mama, saka wannan, ba ya zamewa. Kawu, kai kuma don Allah ban da magana."

Auta ya dubi takalmin. Tun suna yara bai san Yaya da takalmi a cikin gida ba, shi ya sa ko kusa bai sa takalmi a lissafinsa ba. Ya buɗe baki, ya tuna sharaɗi, ya rufe.

Ta saka. Taku ɗaya, biyu, na huɗu ta sauka daga hanyar ba ta sani ba, ta nufi igiyar shanya. Lauya ya sunkuyar da kai. Ba murna yake ba, tausayin uwarsa ne ya kama shi, don gaskiya ba da mugunta ya kawo takalmin ba. Igiya ta taɓa mata goshi, ta tsaya cak.

Ta ɗan jima a tsaye. Sai ta duƙa ta cire takalmin, ta riƙe a hannu, ta dinga jan ƙafa a kan tayil har yatsunta suka ci karo da manyan duwatsun gefe. Ta haye. Daga nan tafiya ta miƙe. A layi uku ta miƙa hannu ta murɗa famfo, ta wanke fuska ba gaggawa, ta rufe. Ta wuce har ƙofar gida, ta zare sakata, ta wangale ƙofar.

"Zo nan," ta ce wa ɗanta.

Ya zo. Ta lalubi hannunsa ta danƙa masa takalmin, ta ɗan matsa gefe don ya sami hanya.

"Ka gaida mini yaran. Ka ce su zo ranar Asabar, ina gida."