Kunyar Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Ni Maazou ban taɓa shiga sinima ba sai da na haura shekara sittin, shi ma Halimatou, autata, ce ta ja ni. Na zo Paris ganin likita, ta ce bayan azahar akwai wani tsohon fim na Ingila, baƙi da fari, wai sai na gani. Na ce, "Ke, ni da gemuna?" Ta yi kunnen ƙashi.

Labarin kotu ne. An ɗora wa wani saurayi laifi, alƙalai da farar hular gashi kamar tumaki. Na fara dariya. Sai uban yaron ya miƙe, tsoho tukuf, ya kira sunan ɗansa da ƙarfi a gaban jama'a, ya ce ya san abin da ya haifa. Wallahi nan take na daina dariya.

Shekara tara ke nan da aka ƙona wata mota a unguwarmu, Rillieux, a gefen Lyon, aka kwashe samari har da Karim, ɗana na fari. Ranar shari'a a Lyon, alƙaliya ta dube ni ta ce, "Monsieur, faɗa mana, wane irin yaro ne ɗanka?"

To mu a Damagaram, uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya yabe shi a bainar jama'a. Ni ma ɗan fari ne, ubana har ya koma ga Allah bai kira ni Maazou ba. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Wannan yaron dai, ga shi nan. Allah ne masani." Ina ganin na yi dattako! Avokan Karim, wato lauyansa, ya dafe kai. Alƙaliya ta rubuta abin da ta rubuta. Aka yanke masa wata takwas a gidan kaso, alhali na san a masallaci yake tare da ni lokacin da motar ke ci.

Da ya fito ya tattara ya koma Saint-Denis, a gefen Paris. Ko gaisuwar salla ba ya aiko mini.

A fim ɗin an wanke yaron. Ni kuwa na zauna ina kuka kamar mace mai takaba, ban damu da Turawan da ke gefena ba. Aikin Turawan Ingilan nan ya yi kyau, Allah ya isa tsakanina da kyansa.

Da aka kunna fitilu na ce, "Wa ya gaya miki ki kawo ni nan?"

Halimatou ta kasa haɗa ido da ni. "Yaya Karim ne, Baba. Sau huɗu yana kallonsa. Yana can layin baya tun farko."

Na juya da sauri har sandata ta faɗi. Babu kowa a layin. Kujera ɗaya ce kawai ke lilo, yanzu aka tashi daga kanta.